Mai Jinyar Kare Shi Ma Yana Bukatar "Sannu"

Daga Wakilinmu

A ƙasar Hausa idan mutum yana da marar lafiya a gida ba a barinsa shi kaɗai. Maƙwabta sukan shigo dubiya, wannan da kwanon kunu, wancan da ɗan abin sayen magani, wanda ba shi da komai kuwa ya tsaya a zaure ya ce, "Sannu, ya mai jiki?" Ko saniya ce ko akuya ta kwanta akan sami mai jajantawa, har da mai nuna inda malamin dabbobi yake. Amma akwai mai jinya guda ɗaya wanda ba a yi wa wannan gaisuwa, watau mutumin da karensa ya kwanta ciwo. Shi nasa rabon dariya ce, in ma bai gamu da zargi ba.

Na ga haka da idona a unguwarmu a Zariya, kuma ban fid da kaina daga cikin masu laifin ba. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon masinja a wata ma'aikatar gwamnati, wanda ya daɗe da yin ritaya. Uwargidansa ta rasu, 'ya'yansa kuma aiki da aure sun warwatsa su garuruwa. Abin da ya rage masa a gida sai awaki huɗu da 'yan kaji da wani baƙin kare da yake kira Duna, wanda ya raina tun yana ɗan kwikwiyo, shekara 11 ke nan. Duk mutanen layinmu sun san haushin Duna, domin sau biyu yana tashinmu da tsakar dare ɓarayi suna ƙoƙarin haura katanga. Mun ci moriyarsa ba tare da waninmu ya taɓa jefa masa ko loma ɗaya ba.

Ana cikin damina sai Duna ya fara ramewa. Ya shanye ruwan kasko ya nemi ƙari, fitsari ba ƙaƙƙautawa, abinci kuwa sai ya sansana ya kau da kai, in ya ci kaɗan ya amayar. Baba, kamar yadda muke kiran dattijon, ya rasa abin hawan da zai kai shi asibitin dabbobi, don masu Keke Napep uku ya tsayar, kowa ya ce fasinja ba zai sake shiga ba in aka ga kare a ciki. Sai ya ari baro, ya shimfiɗa buhu, ya ɗora karen, ya tura da kansa, tsoho mai shekara 70 da ɗoriya. Da ya iso majalisarmu aka kwashe da dariya. Wani ya ce tsufa ya fara taɓa Baba. Wani ya ba da shawara a kai karen bayan gari a yar. Wani kuma ya ce a sayar wa masu sayen karnuka tun da sauran nama a jikinsa. Ni ma na yi dariya. Baba bai tanka wa kowa ba, ya ci gaba da turin baronsa.

ABIN DA LIKITA YA GANO

Da aka ɗebi jinin Duna da fitsarinsa aka auna, sai aka tarar ƙodarsa ce ta gaji. Wannan ciwo ne da ya saba kama tsofaffin karnuka. Aikin ƙoda shi ne ta tace dattin da ke cikin jini ta fitar da shi ta fitsari, ta kuma tattala ruwan jiki. Matsalar ita ce ƙoda ba ta yin ƙorafi da wuri. Sai kusan kashi biyu cikin uku na aikinta ya lalace kafin a fara ganin yawan shan ruwa da yawan fitsari, sa'an nan sai kusan kashi uku cikin huɗu ya tafi kafin dattin ya taru a jini sosai, har ya kawo amai da ƙin abinci da warin baki. Saboda haka ranar da mai kare ya lura, ciwon ya riga ya yi nisa, kuma ba sakacinsa ne ya jawo haka ba.

Abin da ya lalace a ƙoda ba ya komawa. Amma ana iya lallaɓa sauran, kare ya ƙara watanni, wani ma ya kai shekara ko fiye, yana ci yana sha yana tafiya, gwargwadon matakin da aka kama ciwon. Lallaɓawar kuwa aiki ne na kullum. Tilas ruwa mai tsabta ya kasance a gabansa dare da rana, domin kuskuren da mutane suka fi yi shi ne su rage masa ruwa wai don fitsarin ya ragu, alhali kuwa wannan shi ke gaggauta mutuwarsa. Tilas a rage masa gishiri da ƙashi da busasshen kifi, saboda sinadarin fosforas da ke cikinsu yana ƙara wa ƙoda nauyi. Akwai maganin tsayar da amai, akwai kuma ƙarin ruwa da ake yi masa ta ƙarƙashin fata, da komawa awon jini lokaci-lokaci.

To, mai karatu ya duba wannan jeri, ya tuna cewa wanda zai ɗauki nauyinsa tsoho ne mai zaman kaɗaici, wanda ke jiran fansho a ƙarshen wata. Awon farko da magani sun cinye fiye da rabin abin da ya karɓa a wannan wata. Barcinsa ya ragu, don yana tashi cikin dare ya ɗauraye inda karen ya yi amai. Ya daina zuwa majalisa. Daga baya ya shaida mini cewa duk wahalar nan ba ta dame shi kamar rashin wanda zai faɗa wa ba, domin ya san duk wanda ya buɗe wa baki, amsa ɗaya zai ji, wai ai kare ne kawai.

WAƊANDA SUKA FARA SA HANNU

Wanda ya fara karya wannan shiru limamin masallacin layinmu ne. Wata rana bayan sallar La'asar ya tsayar da Baba a ƙofar masallaci, a gaban jama'a, ya ce, "Malam, ya mai jikin naka?" Aka yi tsit. Baba ya tsaya kamar bai ji daidai ba, sa'an nan ya amsa da sauƙi, idonsa ya ciko. Daga ranar nan dariyar ta ragu, domin abin da babba ya girmama ba ya yi wa yaro daɗin wasa.

Bayan haka taimako ya fara zuwa daga inda ba a zata ba. Wata uwar marayu da ke sayar da abinci ta riƙa ɗibar masa shinkafa kafin ta zuba gishiri da kayan miya, ta haɗa da dafaffen ƙwai, kamar yadda likita ya tsara. Wani ɗalibi da ke haya a gidan da ke kusa ya sami littafin rubutu yana rubuta ranar da karen ya ci, da ranar da ya yi amai, da ranar komawa asibiti, domin Baba ba ya iya riƙe su duka a ka. Wani mai Keke Napep ya yarda ya riƙa zuwa da sassafe kafin ya fara ɗaukar fasinja, a shimfiɗa leda da buhu, in sun dawo a wanke keken. Ni kuma da kunya ta ishe ni, na ɗauki nauyin raka shi wurin likita, don in riƙa maimaita masa bayanin a hankali idan mun dawo gida. Babu wanda ya kashe wata dukiya a cikinmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ke nan.

MENE NE ADDINI YA CE?

Mutane da yawa suna fakewa da addini wajen wulaƙanta kare da mai shi, saboda haka ya kamata a duba maganar. Gaskiya ne shari'a ba ta sake wa kowa ya ajiye kare don sha'awa ba. Amma hadisai ingantattu sun ba da izinin karen farauta da na kiwo da na gona, kuma Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce aka fi bi a ƙasar nan, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai kuwa bin umurni ne na ibada. Masu sharhin Risala, littafin da kusan kowane almajirin ilmi a ƙasar Hausa ya karanta, sun kawo labarin cewa mawallafinsa, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare don tsaro sa'ad da katangar gidansa ta faɗi.

Daɗin daɗawa, Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai jin ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa saboda wannan aiki. Idan shayarwa sau ɗaya ta kai ga haka, ina ga wanda ya yi watanni yana tashi cikin dare? Kuma duk wanda ya ajiye dabba, ciyar da ita da kula da lafiyarta sun hau kansa. Wanda ya ci moriyar kare shekara 11, ran da ciwo ya zo ya kai shi bayan gari ya yar, ya ci amana. Baba dai abin da ya hau kansa ya yi, mu da muka yi dariya mu ne muka kauce.

TSORON CIWON HAUKA

Akwai wani dalili na gujewa karen da ba shi da lafiya wanda ba za a raina ba, watau tsoron ciwon haukar kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya. Kusan 99 cikin 100 daga cizon kare suke kamuwa, kuma wajen 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi.

Amma fa ba kowane kare marar lafiya ne mahaukaci ba. Ciwon ƙoda irin na Duna ba ya kama mutum. Akwai kuma wani ciwo da likitoci ke kira distemfa, wanda ke sa jikin kare karkarwa da farfaɗiya da dalalar miyau, har yara su bi shi da jifa suna ihun mahaukacin kare, alhali shi ma ba ya kama mutum. Ido kaɗai ba ya rarrabewa, aikin likita ne. Don haka idan kare ya canza hali farat ɗaya, yana cizon abin da ya samu, ko muƙamuƙinsa ya saki, a tsare shi a ɗaki ba tare da an taɓa shi ba, a kira ma'aikatan dabbobi. Idan ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a garzaya asibiti a ranar don allurar rigakafi, karen kuma a sa masa ido kwana 10 a ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi.

A nan ne maganar ta shafi kowa, har da wanda ba ya ƙaunar ganin kare. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki rigakafi, ciwon hauka yana daina yaɗuwa a wurin. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu sarrafa wannan allura, kuma an ware 28 ga Satumba ta kowace shekara don faɗakarwa a kan ciwon. To, mutumin da ake yi wa dariya in ya nufi asibitin dabbobi da karensa, yaushe zai koma don rigakafi? Sai ya ɓoye shi a bayan gida, ko ya sake shi ya bi gari. Karen da aka yar a bola shi ne gobe zai ciji yaron da ya je zubar da shara. Duk wanda ya taimaki mai kare ya isa wurin likita, 'ya'yansa ya kare.

YADDA ZA KA TAIMAKA

Abu na farko shi ne ka yi gaisuwar. Ka tambayi jikin karen kamar yadda za ka tambayi jikin saniyar mutum, ka kuma tsaya ka ji amsa. Kada ka ce ai za a samo wani kwikwiyo, domin wanda ya zauna da dabba shekaru, ya san kukanta ta san takunsa, ba musanya yake nema ba.

Na biyu, ka taimaka a isa wurin likita da wuri, don ciwo da yawa da ake ɗauka ajali ne suna da magani. Zazzaɓin da kaska ke kawowa, mai sa kare ramewa da ƙarancin jini da haɓo, akan magance shi da ƙwayoyin da ake sha na kimanin kwana 28. Akwai wani ƙari mai zubar da jini da ke fitowa a al'aurar karnuka masu yawo, wanda suke ɗauka wajen barbara. Ganinsa da ban tsoro, amma allura ta jijiya sau ɗaya a mako, na mako huɗu zuwa shida, tana warkar da mafi yawansu. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, ban da asibitocin dabbobi na gwamnatocin jihohi.

Na uku, kada ka zama likitan da ba a kira ba. Maganin ciwon jiki na mutane, irin su ibufurofen da diklofenak, yana ƙona cikin kare ya kuma lalata ƙodarsa, farasitamol ma yana iya yi wa hantarsa lahani. Ragowar miya mai albasa da tafarnuwa tana farfasa ƙwayoyin jininsa, inabi da zabibi kuma suna taɓa ƙoda. Shafa baƙin mai ko maganin ƙwarin gona a jikin kare mai ƙazuwa guba ce, don yana lasa, yaran gida kuma suna taɓawa. Shawarar da ta fi kowace amfani ita ce a koma a tambayi likita.

Na huɗu, ka ɗauki wani aiki takamaimai. Cewa "in kana bukatar wani abu ka faɗa" ba ya kai ko'ina, domin dattijo mai kunya ba zai faɗa ba. Ka ce za ka zo ranar Talata ka raka shi, ko za ka ɗebo ruwa, ko za ka duba karen ran da zai je karɓar fansho. In kuɗi ne za ka bayar, ka bayar a ɓoye. In kuma ka taya shi wanke wurin kwanan karen, ka sa safar hannu ko leda, ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama, saboda akwai wasu cututtuka da ke bin fitsarin dabba su kama mutum.

Na biyar, ka kula da mai jinyar kansa. Ka duba ko yana cin abinci, ko yana shan nasa maganin. Mun tarar Baba ya yi mako biyu bai sayi maganin hawan jininsa ba don ya biya kuɗin awon Duna. Da muka sanar da babban ɗansa ta waya, sai ya fara aiko da ƙari, ya ce bai taɓa sanin abin ya kai haka ba, tun da mahaifin nasa ya ji nauyin faɗa masa.

RANAR DA BA A SO

Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Ciwon da ba ya warkewa yana da ƙarshe, kuma taimako na gaskiya ya haɗa da yarda a yi maganar wannan rana tun ba ta zo ba. Likitoci sukan shawarci mai dabba ya riƙa lura da abubuwa kaɗan: tana ci, tana sha, tana iya tashi da kanta, tana gane mai ita? Idan ranakun wahala suka rinjayi na sauƙi, likita yana da allurar da ke hutar da dabba cikin 'yan mintoci ba tare da azaba ba. Malaman Malikiyya sun yi magana a kan halaccin hutar da dabbar da aka fid da rai da ita, saboda haka wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tuntuɓi malaminsa. Amma hukuncin na mai kare ne tare da likitansa. Maƙwabci ba shi da hurumin matsa masa ya gaggauta, ko ya zarge shi in ya yanke. Abin da ba shi da kyau ko kaɗan shi ne ba da guba, don azaba ce mai tsawo, kuma tana iya faɗawa kan kaji da awaki, har ma da yara. Idan rai ya yi halinsa, a taya shi haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, a kuma yi masa jaje.

Akwai abin da hukuma za ta iya yi. Ya kamata ma'aikatun kula da dabbobi na jihohi su riƙa kai rigakafi unguwa-unguwa, su sanar ta gidajen rediyo da bakin masu unguwanni, su kuma sa ma'aikatansu su riƙa ziyartar tsofaffi da marasa abin hawa a gida. Ɗalibai masu koyon likitan dabbobi su ma suna da rawar da za su taka a unguwannin da suke zaune, ko da ta bayani ce kawai.

Yau wata biyar ke nan da ranar baro. Duna yana nan da rai. Ya rame, ba ya iya zagaya gida kamar da, yawanci yana kwance a inuwar zaure kusa da kaskon ruwansa, amma in baƙo ya taɓa ƙofa yakan ɗaga kai ya yi haushi sau ɗaya ko biyu. Likita bai yi wa Baba alkawarin komai ba, shi ma bai nema ba. Ya dai komo majalisa, kuma in ya zauna, kafin a shiga hirar tsadar taki da ta siyasa, akan sami wanda zai juyo ya ce, "Baba, ya mai jiki?"